Injin Wanke Kwanonin da Yaya Ya Aiko

Yayana da ke aikin gini a Jidda ne ya aiko mana shi, wai don hannuna ya huta. Wane hutu! Ranar da na fara kunna shi a gidanmu na unguwar Alsawra, sai da maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambayar ko injin niƙa muka sayo.

Kicin ɗinmu bango ɗaya ne da ɗakin Baba. Shi kuwa tun da hawan jini ya kwantar da shi, barcin bayan abincin rana kaɗai ya rage masa, in ya rasa shi sai ya wuni kansa na sarawa. Ga wuta ba ta zama sai a daidai wannan lokacin.

Babu abin da ban yi ba. Na yanko tsohuwar taya na sa a ƙarƙashin ƙafafun injin. Na ja shi daga jikin bango har bayana ya riƙe. Na raba cokula da kwanonin silba don su daina karo, na cusa audugar tsohuwar katifa a gefe da gefe, na lulluɓe shi da bargo. Wallahi na gaji, wankin hannu ya fi mini sauƙi. Amma dai ƙarar ta koma gunaguni, Baba ya samu barci.

Wata Juma'a Yaya ya bugo waya, Baba bai daɗe da kwanciya ba.

"Yana aiki kuwa? Kai wayar kusa in ji."

Na kai. Ya ce ba ya jin komai. Na rantse masa a kunne yake.

"In kun sayar ku faɗa mini kawai," in ji shi, muryarsa ta yi sanyi. Raina ya ɓaci, har na buɗe baki zan wanke shi tas, sai na ji Baba daga ɗaki, ashe idonsa biyu.

"Cire bargon nan, 'yar nan."

"Baba, kanka fa?"

"Yaron nan siminti ya ɗauka a ka ya saya. Cire ya ji."

Na yaye bargon, na zare audugar, injin ya kama ruri har bango na rawa. Yaya na ta dariya a waya yana cewa kin ji aiki. Ta ƙofa ina hango Baba zaune a bakin gado, ya dafe kai da hannu biyu, yana yi mini alama kada in kashe.