Duwatsu Masu Ganye a Bayan Gonar Kawu

A farkon shekarun dubu biyu ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare kusa da Bunkure. Ni mutum ne mai naci, in na ƙwallafa rai a kan abu sai kowa ya gaji da ni. Abin da na ƙwallafa wa rai a lokacin kuwa duwatsu ne.

A bayan gonar Kawu, yayan mahaifiyata, akwai wani kwazazzabo da ruwan damina ya ci, taku kaɗan daga kanal ɗin da ke shayar da gonakinmu. A gefensa duwatsu ne fale-fale, hawa-hawa kamar an kifa farantai. In ka ɓamɓare ɗaya sai ka ga hoton ganye kwance a ciki, har da jijiyoyinsa, kuma ba na wata bishiya da muka sani ba. Na naɗe guda a tsumma, na hau bas a Garun Malam, na kai wa wani malamin jami'a a Zariya, masanin duwatsu.

Ya daɗe yana jujjuya shi. Ya ce ganyen wani daji ne da ya rufe wurin tun babu gari, babu mutane. Sannan ya ja mini kunne. "Malam, kada a ɗaga ko ɗaya. Iliminsu yana cikin yadda suke kwance, wanne ne a ƙasa, wanne ne a sama. In aka hargitsa su, sun zama duwatsun gini." Ya ce zai zo da ɗalibansa bayan jarrabawa, wato nan da wata biyu.

Na koma na zama maigadi. Na saro ƙaya na kewaye wurin. Na je rugar da ke kusa na roƙa kada shanu su bi ta nan. Manoma kuwa sun sami abin tsokana, in na wuce sai su ce, "Malam, yaya duwatsun naka, sun fara fure?"

Saura kwana goma baƙin su zo, wata Laraba da hantsi, gaɓar kanal ta ɓalle. Gafiyoyi ne suka rarake ta. Ruwa ya kwararo cikin gonakin kusa, na gaba kuma suka rasa ko ɗigo, ga tumatir yana tsakiyar fure.

A wurinmu in kanal ya ɓalle ba a jiran kowa. Da an yi shela a lasifikar masallaci duk mai ƙarfi zai fito, kuma duk abin da ya fi kusa shi ake toshewa da shi, ba a neman izinin mai shi. Da idona na taɓa ganin an cire ƙyauren garejin wani an kai. Shi ya sa da na jiyo shelar daga cikin aji, na san duwatsun nan za a nufa. Na bar ɗalibai na fita a guje.

Na tarar an janye ƙayar. Mutum ya fi ashirin a cikin kwazazzabon da diga da shebur. Na shiga gabansu na ware hannu, ina roƙo kamar zan yi kuka.

"Don Allah ku dakata. A cika buhuna da ƙasa mana."

"Mun zuba goma sha, ruwa ya tafi da su," in ji wani.

"To a ɗauko dutse daga wani wurin."

Kawu ne ya amsa, yana haki. "Daga ina, ɗan nan? Kafin tifar dutse ta iso mun gama yawo. Ganyenka ya mutu tun kafin kakanninmu. Nawa jibi zai mutu."

Na san gaskiya ya faɗa, kuma hakan ya fi komai ƙona mini rai. Na laluba aljihu na ji alli. Sai na shiga rubuta lamba a kan kowane dutse kafin a ɗaga, ko Allah zai sa wata rana a gane jerinsu. Ina rubuta na bakwai an riga an kwashe talatin. Wanda na rubuta ma, yana taɓa ruwa allin ya wanke. Ban daina ba, ina rarrafe tsakanin ƙafafun mutane, ana taka mini yatsu, ina cewa su jira ni. Babu wanda ya yi mini dariya ranar.

Can na hango Kawu ya kinkimo wani ƙaton dutse shi kaɗai. Ya haura shekara saba'in, ya yi taku uku ya durƙusa. Na yar da allin na je na karɓa. Da na rungumo dutsen sai na ga abin da ke jiki: reshe ne sukutum, ganye tara a jere, babu wanda ya gutsure. Duk kusan wata biyun nan ban ga kamarsa ba.

Na tsaya da shi a ƙirjina. Zan iya juyawa in gudu gida, ba mai tare ni. Daga bakin kanal aka ɗaga murya cewa saura babba guda ɗaya ruwan ya tsaya. Kawu, yana zaune a ƙasa, ya ɗago ya dube ni.

Na shiga ruwan har ƙugu, na kifa reshen a cikin taɓo, na hau kai na danna shi da ƙafata.