Tokar da Ke Ja da Baya

Shekarun da na yi ina rawa a sahun gaba a ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo a Gaya sun fi gashin da ya rage a kaina yawa, kuma ko yini ɗaya ban taɓa yarda da mai tsara mana wasan ba. Taubashina ne, ɗan kawuna, malamin firamare. Shi ke rubuta labarin, shi ke haɗa waƙoƙi, shi ke ƙago takun rawa. Mutum ne da zai wuni a kasuwar Ajingi bai sayi ko ƙuli-ƙuli ba, yana kallon yadda 'yan dako ke cicciɓar buhu, washegari ka ga ya mai da abin rawa. Wanda zai sace tafiyar mutum yana ji yana gani, me zai bari?

Wurin gwaji, a filin bayan makaranta, toka yake zubawa a ƙasa, kowa da zagayensa, a ciki za ka tsaya. Nawa na gaba, dab da kujerun manya, inda tumbina ke riga ni gaisawa da jama'a.

Da muka fara shirin wasan kakar gyaɗa, wanda za a yi a Balan, garin surukaina, sai na lura tokata na ja da baya. Na auna daga gindin darbejiya: taƙi ɗaya. Kwana biyu, taƙi biyu. Na ce da wannan tafiyar, kafin Juma'a a can garin Gafasa zan yi rawata.

"Taubashi," na ce masa, "iska ce ke tura tokata?"

"Iskar da za ta tura mazauninka ai sai ta fara kwashe rufin makarantar nan. Tsaya inda na ajiye ka."

"Dalili?"

"Za ka gani."

Ni kuwa na riga na gani. Akwai wani dogon tela da ya shigo ƙungiya, yana cikin masu rawar fartanya da ake koya wa nasu takun daban, ranar da ba ma nan. Sau uku ina kama su suna ƙus-ƙus suna kallon ƙafafuna. Magana ta fito: a gaban surukaina za a tura ni baya, a ba tela wurina.

Ranar wasa, taubashi ya zuba tokarsa ya tafi sallar azahar. Na shafe tawa da takalmi, na zazzago wadda na ɗebo a murhun gidana, na dawo da kaina taƙi uku gaba. Na ƙara ɗaya don huce haushi.

Kalangu ya ɗauka, mata suka saki guɗa, na yi rawar da ƙasa ta san an taka ta. Sai masu fartanya suka shigo. A ƙarshen waƙa tela ya juya, ya wulwulo fartanyarsa ta baya, daidai filin da aka yi mako ana share masa. Ƙotar ta same ni a goshi. Hulata ta tashi ta sauka a cinyar surukina, ni kuma na zauna daɓas, har kalangu ya yi tsalle a hammatar makaɗi. Surukina, dattijon da tunda na auri 'yarsa ban taɓa ganin haƙoransa ba, ranar har dasashinsa na gani.

Bayan an watse taubashi ya durƙusa, ya murza tokar a yatsunsa.

"Ta karan dawa ce wannan. Tawa ta itace ce."

Na dafe ƙulun goshina.

"Madalla," in ji shi. "Nan za ka riƙa tsayawa. Sahun gaba naka ne har ka gaji."

Tun daga ranar, duk inda muka kai wasan sai an cire mini hula na faɗi, har baiti taubashi ya ƙara a waƙar saboda faɗuwar. Wurina dai na riƙe shi. Amma abin da ke cina har yau: in don fartanya ce, me ya hana shi matsar da ni gaba ɗaya ya faɗa mini? Taƙi-taƙi ya riƙa yi, alhali yana ganina ina awo a gindin darbejiya. Duk sanda na tambaye shi, ƙafafuna yake kallo.