Enid Thackray da Tulin Itacen Skelbeck

A ƙauyenmu Skelbeck, in kana so ka ɓata wa mutum rai da sassafe, ambaci Enid Thackray. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana dafa abincin makarantar ƙauyen, kuma ba wanda ya taɓa kushe girkinta. Halinta ne ba ya haɗiyuwa. Da ta ajiye aiki, mijinta Norman ya rasu ya bar mata rumfar kafintarsa, sai ta koma kan bushiya. Tana da shekara sittin da biyar ta koyi riƙe zarto. Takan haɗa akwatin katako da 'yar ƙofar da kare ba zai iya zura kai ba, ta cika shi da busasshen ganye, ta shafe shi da koren fenti, ta kai gindin shinge, don bushiya ta samu inda za ta yi dogon barcinta na lokacin sanyi.

Da a nan ta tsaya da an zauna lafiya. Amma Enid ba ta san iyakar lambunta ba. Ta huda shingen katakon maƙwabta ba tare da ta tambaye su ba, wai bushiya na bukatar hanya. Ta fizge maganin dodon koɗi daga hannun matar faston coci ta jefa a shara, wai yana kashe bushiya. Ni kaina sau biyu tana wanke ni tas a kan injin yankan ciyawa, wai yana daddatsa bushiya, kuma har yau ban huce ba, duk da na san ita ce da gaskiya.

Wanda ba sa shan inuwa ɗaya ko kaɗan shi ne Gordon Slee, mai garejin gyaran mota, shugaban kwamitin wutar biyar ga Nuwamba, bikin da ake ƙona tulin itace da dare duk shekara. Skelbeck na tinƙahon tulin itacenta ya fi na kowane ƙauye tsawo, don haka mako uku kafin ranar ake fara tarawa a filin ƙwallo. Mako uku kuwa ya ishi bushiya ta ga tulin ta ɗauka ta samu gida. Duk shekara Enid takan je taro ta ce a tara itacen ran da za a ƙona, duk shekara a yi mata dariya.

A shekarar da abin ya ɓaci, akwati tara ta jera a bayan filin. A ɗaya daga ciki akwai wata 'yar bushiya da ta tsinta a ramamme, ta yi mako shida tana ba ta abincin kyanwa, tana ɗora ta a ma'aunin fulawa, har ta yi nauyin da za ta iya kai bazara. Ran biyar ga wata da safe ta je dubawa, ba akwati ko ɗaya. Ta ɗaga kai ta hango koren fenti a cikin tulin.

Gida ta koma ta ɗauko kujera da bargo da butar shayi, ta zauna a gindin tulin. Da rana Gordon ya iso da mutanensa.

"Iya, tashi. Ƙarfe shida za mu kunna."

"To kunna mana. Dama na kwana biyu ban ji ɗumi ba."

"Ruɓaɓɓen katako muka gani a yashe, muka kwashe. Laifi ne?"

"Ruɓaɓɓen katako mai fenti da murfi? Gordon, tun kana shekara bakwai kake cusa kabeji a aljihu ka ce ka cinye. Ba ka iya ƙarya ba a lokacin, yanzu ma tumbi kawai ka ƙara."

"Don ɓera mai ƙaya za ki hana yara ɗari biyu kallon wuta?"

"Yaran ba su saci komai ba. Iyayensu ne ɓarayin."

Ba mai iya jan tsohuwa a ƙasa alhali mutane sun fara ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto. Dole suka hau rushe aikin mako uku, suna jifa da itace dab da ƙafarta, suna ƙunƙuni. Akwati takwas ba komai a ciki. Na taran yana can tsakiya, ƙarƙashin wani tsohon ƙyaure. Enid ta ɗaga murfin, ga bushiyar a dunƙule tana numfashi a hankali. Ta juyo da akwatin don su gani, kowa ya kau da kai.

Lokaci ya ƙure, ba damar sake tarawa. Wutar bana ko ƙugun mutum ba ta kai ba, mutanen ƙauyen maƙwabta suna tambaya ko dankali ake gasawa. Enid ta tafi gida tana ganin ta yi nasara, kuma na rantse har waƙa aka ji tana yi.

Da shekara ta zagayo ba a kira taro ba. Gordon ya shirya da wani manomi, aka kai wutar gonarsa, mil huɗu daga gari, bayan ƙofar ƙarfe da waya mai ƙaya. Mako biyar aka yi ana tarawa, tulin ya fi na kowace shekara. Enid ta rubuta wasiƙu, ta yi tsayuwa a bakin ƙofa har ƙafafunta suka kumbura. Gonar mutum ce, ba a shiga sai da tikiti, ita kuwa aka ce tikiti ya ƙare. A filin ƙwallo, duk tsiyarsu, ba su taɓa hana ta zagaya tulin da doguwar sanda kafin a kunna ba, kuma da wuya shekara ta wuce ba ta koro bushiya biyu ko uku ba. Bana daga bakin titi ta kalli hayaƙin.

Washegari manomin ya buɗe mata ƙofa, ya ara mata manjagara, ya tsaya yana kallonta tana tona toka. Bushiya huɗu ta samu a ƙone. Ta naɗe su a bargonta.

"Da kin bar musu wutarsu a filin ƙwallo," in ji shi, "da waɗannan kin koro su da sanda."

"Na sani," ta ce, ta miƙa masa manjagararsa.