Ciwon da Baffa Ya Hana a Faɗa

Baffa, ƙanen mahaifinmu, irin masara yake sayarwa a kasuwar Dandume. Da ya damƙi ƙwaya a hannu zai gaya maka cutar da gonarta ta yi bara, ya rantse ba zai ba maƙiyinsa ita ya shuka ba. Wannan basirar tasa a bakin buhu ta tsaya.

Da ciwon dajin ciki ya kwantar da Baba a asibiti a Zariya, likita ya tara mu. Ya ji cewa kakarmu ma haka ta rame ta tafi, sai ya ce wani lokaci ana gadon tangarɗa a ƙwayoyin halitta. Sinadaran da ke taka wa tsoka birki sai su daina aiki, ta yi ta tsiro ba tsari. Ya ce mu 'ya'yan mu zo a zura mana na'ura a duba tun muna da lafiya.

Kafin mu iso Funtua Baffa ya yanke hukunci. Olsa ce, in ji shi, kuma olsa za a faɗa wa mutanen garinmu Mahuta.

"Kuna so a ce akwai abu a jininmu? Wa zai ƙara neman aure a gidan nan?"

Ni na saci jiki na je aka duba ni. Yayana kuwa, bawan Allah, bai iya tsallake maganar babba ba. Da ya fara ture kwanon tuwo bayan 'yan lomomi na roƙe shi har da kuka ya je a duba shi. Ya ce tunda Baba ya rasu, Baffa ne ubanmu yanzu. Shi kuwa sabon uban namu sai ya zama babban likita: a hana yayana yaji, a jiƙa masa kanwa, a ba shi madara. Raini nake ji har yau in na tuna yadda yake kaɗa kofin nan da yatsa yana gyara zaman hula.

Ranar sadakar ukun yayana ina rabon ruwa na ji muryar Baffa daga zaure. Ya gama gaya wa masu gaisuwa cewa olsa ce, ya koma gargaɗin wani manomi kada ya kuskura ya ajiye iri daga gonar da ta yi cuta.

'Ya'yan yayana suna zaune a kan tabarmar Baffa, babban cikinsu ya isa aure. Na ajiye butar na kira su ciki, na ce su zauna, zan gaya musu sunan abin da ya kashe ubansu.