Albasa a hannun Hadiza

Jiya na dawo daga kasuwar bisashe, na iske ɗiyata Hadiza gaban madubi, hawaye shaɓe-shaɓe. Na ce a raina shi ke nan, an kore ta daga lakwal, makarantarsu ta boko. Sai na hangi ɓarin albasa a hannunta.

"Ke, mi ya faru?"

"Baba, wasan kwaikwayo za mu yi, madam malamarmu ta ce ni ce macen kirki. A fina-finan tele kuwa macen kirki kuka take tun farko har ƙarshe."

Wannan ya fi korar tada mini hankali. Ni da karatuna ya tsaya aji huɗu, ina na iya dogon bayani? Na ce, "Innarki macen kirki ce ko?"

"Ƙwarai."

"Kin taɓa ganin kukanta?"

Ta ce, "A'a. Naka dai na gani, ranar da kunama ta harbe ka. Inna ta kashe ta."

Ta aje albasar, ta ce Inna za ta kwaikwaya.

Girmana ya zube, amma wallahi na yi ajiyar zuciya. Ku fa, wa ɗiyanku ke kwaikwayo, tele ko uwarsu?