Ruwan Burtsatse a Gwajin Ƙaro

Har yau ban manta da Larabar da Dakta Sada ya watsa takardun Malama Rakiya a kan teburina ba. Lokacin ina mataimakin shugaban wani ɗakin gwaje-gwaje a Dutsin-Ma. Aikina wanke kwalabe, haɗa sinadarai da tanadar tataccen ruwa. Ita kuwa ɗalibarsa ce, tana digiri na biyu a kan ƙaron da take sayowa a kasuwar Kurfi.

Ga wanda bai sani ba, ƙwayar ƙaro, wadda ido ba ya gani, kamar itace take mai rassa, kowane reshe ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya. A tataccen ruwa rassan ture juna suke yi, ƙwayar ta buɗe, ruwan ya yi kauri. Da gishiri ya shiga sai su lafa, ta tsuke, kaurin ya ragu. Kaurin nan Malama take aunawa: ta zuba ruwan ƙaro a siririn bututun gilashi, ta riƙe agogo har ya sauka. Wata biyu tana haka, kullum daga Karofi a kan babur, da goyo.

A Larabar nan Dakta ya ce mata, "Lissafin sati uku ya faɗi ba dalili. Ko ƙirƙira kika yi?"

Ta ce, "Wallahi Dakta, abin da agogo ya nuna na rubuta." Ta nemi kujera ta zauna.

Ni na san dalilin. An yi kwanaki ba wuta, na'urar tace ruwa ta tsaya, na gaji da rubuta takardar neman man janareta. Sai na tafasa ruwan burtsatse, na tace, na cika jarka. A ido garau yake. Gishirin cikinsa ne ban kawo a raina ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwan ne. Ni na canja shi."

Aka ba ni takardar tuhuma, ƙarin girmana ya tsaya shekara guda. Nata ya fi nawa ciwo: ta sake aikin daga farko, 'yan ajinsu suka gama suka bar ta. Ba ta taɓa gaya mani baƙa ba. Kowace safiya dai takan ce, "Malam Lawal, ruwan yau fa?" in nuna mata.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, kaya za su ƙare, za ku gaji, ba mai tambayarku. In abu babu, ku ce babu. Ni dabara na yi a ɓoye, baiwar Allah ta rasa shekararta.