Buhun da Na Jefar a Ketu

Wallahi abin da zan ba ku a kaina ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma gari ya waye tangararan, kada wani ya ce mafarki na yi.

Shekarun baya ina dako a kasuwar Mile 12, ɓangaren albasa, ina kwana a unguwar Ketu. Lokacin ƙuruciya na ɗibata, kullum bayan asuba mukan taru a wani fili bayan garejin tireloli mu motsa jiki, mu yi ta ɗaga ƙarfen da muka haɗa da siminti a gwangwanayen fenti. Ni ne gwani, kuma gaskiya ina son a faɗa.

Wata safiya muka tarar da wani gajeren dattijo da ba mu sani ba, tsaye kusa da ɗaurarren buhu, da tsohon gammo a hannunsa. Ya ce wa zai gwada wannan, ai kafin ya rufe baki na yi tsalle na ce ni. Ya aza mini gammon, ya cicciɓi buhun shi kaɗai ya ɗora mini, ya ce, "In ka gaji ka dawo in sauke maka."

To mu a dako ba a jefar da kaya, tsayawa kake yi a kama maka a sauke, ko sabon zuwa ya san wannan. Amma da na zagaye filin sau uku a guje, samari na ta ihu suna kiran sunana, sai kaina ya kumbura, na karkace wuya na watsar da buhun can gefe. Dattijon ya dube ni kawai, ya ɗauki abinsa ya tafi.

Na san gajiyar motsa jiki, wadda wanka da koko da ƙosai ke korewa. Wannan daban ce. Wuyana da kafaɗuna suka sanƙare kamar itace, in na yi taku goma sai haki, in na kwanta in tashi da gajiyar da ta fi ta jiya. Wata Bayarabiya mai kemis ta latsa kafaɗata ta ce, "Aboki, saki jikinka mana." Ta ce tsokar da ta ɗaure ba ta hutawa, ko kana kwance aiki take yi, shi ke shanye maka ƙarfi. Ta ba ni man zafi na shafa, na je an yi mini tausa har mai tausar ya ce hannunsa ya gaji, amma ko gezau.

Kwana biyar ban ɗauki ko kwando ba. Oga Haladu, mai rumfar da nake wa dako, ya kira ni ya ce jibi tireloli biyu za su shigo, in ba zan iya ba zai ba wani gurbina. Hankalina ya tashi sosai, don in na rasa wurin nan sai komawa gida hannu rabbana, ga rani.

Abokina Garba ya ce duk na rame, in hau sikelin albasa mu gani. Jama'a, ina hawa allurar ta wuce nauyina da kusan buhu guda! Na sauka Garba ya hau, ta nuna nasa daidai. Na sake hawa ta sake wucewa. Garba ya ja da baya yana salati, can ya ce, "Kai, ran nan wa ya sauke maka kayan tsohon nan?" Nan take na tuna babu wanda ya sauke mini, ni na jefar.

Washegari na ja ƙafa zuwa filin, babu shi. Ranar da tireloli za su shigo na koma, sai ga shi a inda ya tsaya ran farko, babu buhu, babu gammo. Na durƙusa na ce Baba a yi haƙuri.

Ya ce, "Ka gama burgar? To miƙe, ba a sauke kaya a durƙushe."

Na miƙe, ya kai hannu biyu saman kaina inda babu komai sai iska, ya yi bismilla, ya yi nishi irin na mai ɗaga nauyi, sai na ji tim a ƙasa har taɓo ya fantsalo mini a ƙafa. Na rantse da Allah ban ga komai ba, amma ƙasar ta lotsa daidai faɗin buhu. Wuyana ya saki, kafaɗuna suka sauka, na ji kamar in tashi sama don murna. Shi kuwa ya sunkuya ya cicciɓi abin, ya tafi wuyansa a ɗan karkace, har ya shige tsakanin tireloli.

Ran nan ni na fi kowa sauke albasa, Oga Haladu na ta mamaki. Dattijon ban sake ganinsa ba, kuma duk wanda na tambaya a kasuwar sai ya ce bai san shi ba.

Don haka in gajiya ta ƙi barinku bayan motsa jiki, ku je a duba ku, ku saki jiki ku huta. Kuma don Allah duk wanda ya ɗora muku kaya, ku tsaya ya sauke muku. Ni dai har yau ban sake hawa sikeli ba.